Abu Ayid da Butocin Gidan Salama

Kafin masu burodi su fitar da zubin farko, Abu Ayid ya riga ya ɗaga ƙofar shagonsa da ke gangaren kasuwar Karak. Sunansa na yanka Muflih, amma in ka tambayi Muflih a layin nan sai a tsaya ana kallonka. Zai share bakin ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya jawo buhunan ɗanyar gahawa ya kwance bakinsu. Sannan ya yi abin da duk garin ya san shi da shi: ya cusa hannu can ƙasan buhu, don ya san dillalai a sama suke zuba na kirki, ya damƙo, ya kai hanci, ya lumshe ido. In buhun ya kwana kusa da albasa a jirgi, ko damshi ya taɓa shi a tashar jiragen ruwa ta Akaba, sai ya ji. Buhun da bai yi masa ba, ko dillali zai yi birgima a ƙasa, a motar da ya zo zai koma.

Sayen gahawa a wurinsa kuwa sai mai haƙuri. Ba ya auna maka sai ya gama yi maka tambayoyi: ku nawa ne a gida, da wace buta kuke dafawa, a kan gawayi ko a kan gas. Wani ango ya taɓa nuna babbar butar da ke saman kanta ya ce ita yake so. Abu Ayid ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai da amaryarka ku biyu rak, za ka ɗauki butar da za ta shayar da barikin soja? Ungo wannan ƙaramar. Ɗaga ka ji nauyin gindinta. Leƙa ciki, ka ga farin shafen nan? In babu shi, tagulla za ka riƙa sha, ba gahawa ba."

"To Baffa, a niƙa min kilo biyu mana in huta."

"Ka huta a kabari. Sayi kaɗan, ɗanya, ka soya ta mako, ka daka ta yini. Niƙaƙƙiya kafin ka kai gida rabin ranta ya fita."

Haka ya yi ta korar ciniki daga ƙofarsa shekara da shekaru, mu kuma muna ta komawa. Matan unguwa suka sa masa suna Hancin Karak, yana jin haushin sunan a baki, yana jin daɗinsa a ciki.

A hunturun bara zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya tashi, ƙarfi ya dawo, abinci ya dawo, amma hancin bai dawo ba. Ya cusa fuska cikin buhu ya ji kamar ya cusa ta cikin yashi. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Ya dai yanke a ransa cewa ba zai sayar wa mutane abin da ba zai iya tsaya masa ba, in kayan da ke ƙasa suka ƙare zai rufe. Wanda ya san shi ya san abin ya ci shi ƙwarai, don ya rage zolaya, ya rage faɗa da dillalai.

Ana cikin haka Za'al ya shigo masa. Za'al ɗan marigayi Salama ne, aminin Abu Ayid tun ƙuruciya. Salama mutum ne da turminsa ba ya shiru: kullum safiya ana jin kiɗan taɓarya daga ɗakin baƙinsa, duk mai wucewa ya san an gayyace shi. Ranar da ya rasu aka kife butocinsa a bakin murhu, kamar yadda ake yi in mai shayar da baƙi ya tafi, kuma tun daga nan ba wanda ya tayar da su. Za'al direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanya. Gahawar da ya sani ita ce ta kofin takarda a gidan mai.

"Baffa, ranar Juma'a ake zuwa neman auren ƙanwata Nufa."

"Masha Allah, 'yar tawa ta girma. Wa zai jagoranci mutanen?"

"Abu Dakhil."

"Tabɗi! Tsohon da in ƙuda ya wuce ta saman buta sai ya faɗa maka daga wace unguwa ya fito?"

Za'al bai yi dariya ba. Ya san abin da ke gabansa. Masu neman aure za su karɓi finjali, ɗan kofin gahawa, su ajiye a ƙasa, ba za su sha ba sai an amsa musu. In an amsa, babbansu ya ɗauka ya kurɓa. In ya ji aibu, zai ƙwanƙwasa finjalin da yatsa ya mayar, a gaban kowa. Aure ba zai fasu ba, amma maganar za ta bi gidan, har jikoki a riƙa cewa gahawar gidan Salama ta mutu tare da shi. Nufa kuma da wannan za ta shiga cikin dangin miji.

"Kar ka damu da butocin," in ji Za'al, "na riga na gyara su. Zo ka gani, Baffa, har fuskarka za ka hango."

Abu Ayid ya bi shi gidan. Ya tarar da butocin a jere suna walƙiya ciki da waje.

"Da me ka wanke su?"

"Sabulun kwanoni, mai ƙamshin lemun tsami. Yini guda na yi ina guga."

Baƙin da ke cikin butar gahawa ba datti ba ne. Shekarun Salama ne suka taru a wurin, kuma shi ke ba gahawar kowane gida ɗanɗanonta. Za'al ya kankare shi tas, ya bar sabulu a madadinsa. Abu Ayid, wanda bakinsa ba ya raga wa kowa, ya buɗe baki zai yi magana sai idonsa ya sauka kan hannun mutumin, duk ya tsattsage saboda guga. Don ya girmama ubansa ya yi. Tsohon ya haɗiye abin da ya zo masa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Akwai gyara. Za mu tafasa gahawa a ciki mu zubar, mu sake tafasawa mu zubar, har sabulun ya fita."

"To ai da sauƙi. In ya fita ka shinshina ka faɗa mana."

Nan ne wurin. Da wani ne, da ya kai butar hanci ya gyaɗa kai, wa zai musa wa Hancin Karak? Abu Ayid ya zauna a gefen murhun amininsa.

"Za'al, kira min uwarka ta tsaya bakin ƙofa. Ina so ku ji tare." Da ta zo sai ya ce, "Hancina ya mutu tun hunturu. Da sabulu da turare da gahawa duk ɗaya ne a wurina yanzu."

Sai muryar Fidda, uwar Za'al, ta fito daga bayan labule.

"Ashe! Ni fa na yi mamaki. Yaron nan ya sauko daga mota yana warin man gas kamar tanki, ka zauna kusa da shi ko fuska ba ka yamutsa ba."

Dariya ta kuɓuce wa Abu Ayid, hawaye na biye da ita.

"Umm Za'al, yatsuna suna nan, haƙorana suna nan, kunnena yana nan. Hanci nake nema aro. Ke kin taɓa dafa ta maza?"

"Ni? Marigayi ko taɓa butarsa ba ya bari in yi. Amma tun ina amarya ƙamshinta ke tashe ni ta bangon nan. Ko a cikin gahawa dubu zan gane tasa."

Haka aka yi aikin, mutum biyu suka zama ɗaya. Ya ɗebo samfuri daga buhunan da suka rage masa, kowanne a ƙullinsa. Shi yana murzawa, yana tsince farare da fasassu, yana ware masu girma ɗaya don kar wasu su ƙone wasu na ɗanye, yana gatsa ƙwaya ya ji taurinta. Ita tana shinshinawa tana turewa. "Wannan warin rumbu yake. Wannan ba laifi, amma ba ita ba ce." Za'al kuwa aka sa shi tafasa da zubarwa har ya gaji ya ce gara ya tuƙa mota zuwa Bagadaza. Duk zubarwa sai a miƙa wa Fidda butar ta bayan labule, ta ce, "Har yanzu lemun tsami na nan yana gaishe ku." Sai ana gobe Juma'a da la'asar ta ce ƙamshin sabulun ya tafi.

Ran Juma'a da safe Abu Ayid ya ɗora kasko a kan gawayi. Yana juyawa, ya karkata kunne yana sauraron fashewar ƙwayoyin.

"Ya yi?" ya tambayi Fidda.

"Da saura."

Ya ci gaba da juyawa. "Yanzu fa?"

Ya sake tambaya. Labulen ya ɗan motsa, suka ji tana jan hanci, ba jan shinshina ba.

"Sauke, Abu Ayid. Shi ne. Wallahi kamar yanzu marigayi zai yi gyaran murya."

Bayan sallar Juma'a ɗakin baƙi ya cika. Za'al ya sha finjalin farko a tsaye kamar yadda aka koya masa, buta a hagu, ya zuba wa Abu Dakhil ya miƙa da dama. Tsohon ya ajiye a ƙasa, ya faɗi abin da ya kawo su. Aka ce musu, "Ku sha gahawarku, an ba ku." Ya ɗauka, ya kai hanci, ya kurɓa, ya riƙe a baki. Abu Ayid na can gefe ya ƙura wa yatsan mutumin ido. Abu Dakhil ya haɗiye, ya miƙa finjalin ba tare da ya girgiza shi alamar ya ƙoshi ba.

"Ƙaro min, ɗan Salama. Ashe gidan nan bai rufe ba."

Da zagaye ya iso kan Abu Ayid, ya karɓa ya sha. Ruwan zafi mai ɗaci kawai ya ji, amma ya sha har uku.

A ƙarshen watan nan zai sauke ƙofar shagon. Abu Ayid, kai ne ka hana mu sayen abin da ba mu buƙata, ka koya wa angwayenmu leƙa cikin buta kafin su yaba wajenta. Kai ne ka faɗi gaskiyar da za ta rage maka suna a ranar da ƙarya za ta wuce ba wanda ya sani, don kar a ƙwanƙwasa finjali a gidan amininka. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya, ya sa hutun nan ya yi maka daɗi.

Ku kuma masu riƙe da sana'a, in abin da kuke tinƙaho da shi ya gaza, ku faɗa, ku nemi wanda zai cika muku, kamar yadda ya yi. Gidansa na nan bayan masallacin gangare. Duk wanda ya taɓa shan gahawa mai kyau ta dalilinsa, ya dafa tasa ya kai masa. In ya karɓa, kar ku tambaye shi ko ta yi. Ku zauna kusa da shi, ku gaya masa irin ƙamshin da ke tashi daga finjalin da ke hannunsa.