Ɗakin da Na Shirya wa Mama

Shekarar da muka gama ginin gidanmu a Zuru ita ce shekarar da Mama ta fara mantuwa. Tun rasuwar Baba take zaune ita kaɗai a ƙauyenmu, can bayan Dabai. Da fari gishiri take mantawa a miya. Daga baya maƙwabta suka aiko cewa sun tsince ta a hanyar gona da rana tsaka, ta rasa hanyar gida. Ni da maigidana muka ce sai dai ta dawo wurinmu.

Na san Mama ba za ta saki jiki a ɗaki mai ƙyalƙyali ba. Ko asibiti aka kai ta, a kan tayil takawa take kamar mai tsallake rafi. Sai na yi niyyar shirya mata ɗaki tsaka-tsaki, ba na ƙauye ba, ba kuma na birni zalla ba. Na sa aka shafa fenti ruwan ƙasa mai haske, kusa da launin yaɓen ɗakinta. Na sayi sabon gado, amma na ce kafinta ya rage masa ƙafa, don nata na can gajere ne. Labule fari marar ado, tabarma a kan tayil. Sannan muka ɗauki a-kori-kura muka kwaso kayanta: randa, ƙore, faya-fayai, da 'yar kujerar da Baba ya sassaƙa mata. Faya-fayan na jera su a bango, sama da wata kujerar kushin da na ajiye mata. Randar na kafa ta a kusurwa, ƙarƙashin fanka. Matan cocinmu da suka leƙo sai yabo suke, wata har ta ce za ta kwaikwaya a falonta.

Ranar da aka kawo ta, Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta tuɓe takalmi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sunkuya ta shafa 'yar kujerar da Baba ya sassaƙa.

"Matar gidan nan tana da kujera irin tawa," in ji ta, cikin C'lela, yarenmu.

"Taki ce, Mama. Ɗakinki ne."

Ta yi mini murmushi irin na baƙo. "Tawa tana gida, 'yata. Kada ki zauna a kan kayan mutane."

Ba ta taɓa zama a kanta ba. Gadon ma ba ta hau ba, a gefen tabarma take kwanciya, kusa da ƙofa. Ruwan randa sai ta nemi izini take sha. Kullum da la'asar sai ta ƙulle zannuwanta, ta ce in raka ta, Baba ya kusa dawowa daga gona, ba ta ɗora tuwo ba. Hausar da ta koya a kasuwa ta zube mata sarai. Yarana kuwa C'lela ba ta zauna musu a baki ba, sai dai su zauna kusa da ita kawai.

Bayan kaka maigidana ya ce mu kai ta ƙauye, ko hankalinta zai kwanta. Tun daga nesa ta gane tsamiyar ƙofar gida, ta sauka da sauri kamar yarinya. Ta tura ƙyauren ɗakinta, ta tarar da shi wayam. Ta dubi gurbin randa, ta dubi bango. Sai ta ɗora hannu a ka.

"An yi mini sata," ta ce. "Ko faifai ɗaya ba su bar mini ba."

Na yi bayani har muryata ta dushe, ba ta ji ni ba. Ta zauna a ƙasa tana kuka a hankali, ni ma na zauna. Muka dawo da ita Zuru, kuma daga ranar ba ta ƙara ƙulle zannuwa ba.

Farkon damina ta rasu, a kan tabarmar. Da 'yan'uwa suka zo rabon kaya, na ce su kwashe duka. Maigidana ya ce a kira mai fenti ya toshe ramukan ƙusa a bango, inda na rataye faya-fayan. Na ce ya bari tukuna.