Askar Hannun Auduga

Hannun Auduga ake ce masa, domin yakan aske mutum har ya yi barci a kujera. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, da madubi mai tsaga da fatar wasa aska rataye a ƙusa. Bai taɓa yarda da injin aski ba. Abu ɗaya yake ce wa kowa: "Kada ka motsa."

Wata safiya yana gyara wa amininsa makanike gemu, aska na kan maƙogwaro, sai hannunsa ya tsaya. Ya daɗe yana kallon fuskar da ke cikin kumfa.

"Malam, wa ya ba ka izinin shigowa?"

Makanike ya so ya yi dariya, amma ya ga idon ba na wasa ba ne. Bai haɗiye ko yawu ba sai da askar ta sauka.

Babbar 'yar Hannun Auduga ce ta kai shi asibiti. Ba ta son uba ya ji kunya a gaban baƙo, don haka duk tambayar da likita ta yi masa, ita ke riga shi amsawa. Haka gidan ya daɗe yana yi, shi ya sa ba wanda ya san zurfin abin.

"'Yar'uwa, ke ce marar lafiyar?" in ji likita. "Ɗan jira mu a waje."

Da aka bar shi shi kaɗai, ya kasa faɗin watan da ake ciki. Likita ta ce za a ɗebi ruwan da ke cikin ƙashin bayansa. Akwai sinadaran da yawansu ke canjawa idan cutar mantuwa ta kama ƙwaƙwalwa. Dangi suka tayar da hankali, wai allurar baya gurgunta mutum take yi. Shi ba ƙafa yake tsoro ba. Ya tuna mahaifiyarsa, wadda ta rasu ba ta gane shi, tana kiransa ɓarawo.

Aka kwantar da shi a gefe ɗaya, gwiwa a ƙirji.

"Baba, kada ka motsa," in ji likita.

"Yau wanzami ya shiga hannu," ya ce.

Ruwan ya ɗiga cikin ƙaramar kwalba, garau kamar hawaye. Ƙafafunsa lafiya lau ya tashi da su. Sakamakon ne ya fito da abin da yake gudu.

Ran nan da hankalinsa cif. Ya naɗe askarsa a tawul, ya miƙa wa 'yar.

"Ko na yi kuka, uwata, kada ki ba ni."

Ta ɓoye ta, ta samu natsuwa. Ba ta san mai aski ba ya zama da aska ɗaya ba.

Bayan mako ta biyo ta layin shagon, ta ga ƙofa a buɗe. Wani baƙo na kishingiɗe a kujera, ido rufe, kumfa har wuya. Daga ciki tana jin ƙarar ƙarfe a kan fatar wasa aska, a hankali, sama da ƙasa.