Burodina da yajin Inna

Shekarun da Libiya ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, Baba ya kwaso mu daga Nijar zuwa Sabha, ya kama aikin gini, ni kuma aka sa ni makarantar unguwar Sukra. Kowane yaro yakan zo da burodi mai kifin gwangwani don lokacin tara. Nawa dai ban taɓa cin sa ba. Akwai wani ƙato a ajinmu da yake tare ni bakin famfo, ya karɓe, ya kwaikwayi Larabcina, yara su yi ta dariya.

Na daina ɗaga hannu a aji. Daga baya na koma laɓewa bayan masallaci har a tashi. Da Baba ya gano, bai doke ni ba. Ya ce in na sake gudun lakwal, wato makaranta, sai aikin gonar dabino a Samnu. Tsoro ya kama ni, domin ina son karatu, yaran ne ba na so.

Da kuka na gaya wa Inna gaskiya. Ta ce, "Bar ni da shi." Ta daka yajin ƙuli-ƙuli da barkonon da ko Baba yake shakka, ta dambara a burodin.

Ashe mun manta da harisa, yajin barkonon 'yan Libiya, aka yaye yaron nan. Ya cinye tas, ya lashe yatsu, ya ce gobe in kawo biyu!

Kwana uku sai ga sallama. Uwarsa ce, da farantin dabino, shi kuma yana raɓe bayanta. Wai ɗanta ya ƙi abincin gida, ta zo a koya mata haɗin.

Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta zuba shayi, sannan ta ce da guntun Larabcinta, "Hajiya, ya gaya miki yadda aka yi ya ɗanɗana?"

Bai gaya mata ba. Ni na faɗa. Kafin in kai ƙarshe matar ta cire silifa, ƙaton nan ya yi waje yana ihu. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Washegari na zauna tsakiyar fili na buɗe burodina. Inna ba ta rage barkonon ba ko kaɗan. Hawaye na zuba, hanci na yoyo, yara na kallo, na cinye abina a hankali har ƙarshe.