Waƙar bado da Kaka ta ɓoye

Kakata Ya Falmata 'yar ƙabilar Buduma ce daga tsibiran tafkin Chadi, aure ya kawo ta unguwarmu ta Limanti. Da an sauke tuwo sai mu kewaye murhu ta yi mana tatsuniya da Hausa, amma waƙar masu tsinkar bado da yarensu take rera ta. Ga ta da zargin tsiya! Ko mai tallan gishiri sai ta leƙa ƙasan kwanonsa.

Wata rana ɗanta, Kawu Modu, ya zo da wani Baturen Amurka mai akwatin ɗaukar magana. Baturen ya ce a ƙasarsu akwai wasu mutane da ake kira Klamath, mazauna bakin tafki, masu cin 'ya'yan bado kamar dangin Kaka. Gwamnati ta daina lissafa su a ƙabila, an sayar da dajinsu, yarensu ya rage a bakin 'yan tsofaffi. Yana so ya adana waƙarta kada ta bi sahu.

"Modu, tambaye shi," in ji Kaka, "kafin a ɗauki muryarsu suka ƙare, ko bayan an ɗauka?"

"Haba Iya, taimako ne fa."

"To, taimaka masa da hanyar waje."

Da yamma ta mai da labarin tatsuniya. Wai an yi wasu mutanen ruwa da suka karɓi baƙo. Ya ƙirga su, ya tambayi sunan kifi, sunan kwalekwale, sunan iska, yana zubawa a akwati. Duk kalmar da ta shiga sai ta fita daga bakinsu. Ranar da ya rufe akwatin, uwa ta buɗe baki za ta kira ɗanta, shiru.

Na ce, "Kaka, saura waƙar."

Ta harare ni. "Ke 'yar boko? Gobe in ji ta a bakin malaminku? A'a."

Wallahi na ji zafi, har kuka na yi. Ba ta sake rera ta a gabana ba har ta rasu, ni kuma fushi ya hana ni roƙonta.

Shekaru ina ɗora wa Baturen nan laifi. Sai da jikata ta ce in koya mata ko kalma ɗaya ta yaren Kaka, na laluba na rasa, sannan na gane. Babu wanda ya sace mana waƙar nan. Ɓoye ta muka yi har ita ma ta mutu.