Keken da Na Ɗora wa Akumari

A cikin kwali ya zo, a bayan wata a-kori-kura da ta taso daga Katsina, kwalin ya kusa kai ƙyauren ɗakina faɗi. Autana ne ya aiko shi. Direba ne a Abuja. Maigidan da yake tuƙawa ya sayi keken don motsa jiki, bai ko buɗe shi ba aka yi masa canjin wurin aiki daga garin, sai ya bar wa yaron. Shi kuma ya kira ni a waya ya ce, "Inna, naki ne. Ki sa Yaya ya sayar, a saya miki jaki."

Na ce, "A saya wa wa dai?"

Jakuna biyu aka raba ni da su. Na farko ɓarayin daji suka kora tare da shanun ƙauyenmu, shekarar da muka taso muka dawo cikin Batsari. Na biyu a bakin gona aka kwance shi, ina duƙe ina noma, na ɗago sai igiya. Na rantse ba zan sake yi wa wani ƙato kiwo ba.

Gonar nan ta hanyar Yasore take. Gadon ubana ce, ba ta miji ba, babu wanda ke da bakin magana a kanta sai ni. Amma ɗan farina, wanda ba na kama sunansa, ya fara magana. Mahauci ne a kasuwa, a gidansa nake zaune, kuma ba zan ɓoye ba, yana kula da ni. Sai dai ya riga ya yi wa wani mai shago alkawari a bayan idona, wai daga baɗi zai ba shi aron gonar. Ni kuwa na ga yadda aron gona ke ƙarewa. Bana aro, baɗi aro, kafin ka farga mai aron ya dasa bishiya, 'ya'yansa sun tashi suna cewa gonar babansu.

Da damina da ƙafata na je na shuka wake, ni da wasu tsofaffi biyu maƙwabtana masu gona kusa da tawa. Shuka ba ta da nauyi, iri ne a ƙwarya da fartanya a kafaɗa. Da kaka ta zo, wake ya bushe a jikin uwarsa, sai ɗan farina ya tsare ni a tsakar gida.

"Inna, wa zai ɗauko miki shi? Masu babur sun ce ko nawa za a ba su ba sa bin hanyar nan. Jaki babu. Ni in na je aka ɗauke ni, ke za ki fi kowa kuka."

Na ce, "Na ce ka je?"

"To a ka za ki ɗauko? Da wannan wuyan?"

A gaban matarsa na faɗa masa, don a samu shaida. Na ce in waken bana ya lalace a gona, ko in na aiko a kira shi ya taimake ni, ya ba wanda ya ga dama aron gonar. In kuma na kawo shi gida da hannuna, kada in sake jin zancen mai shago. Ya ce ya yarda, har da murmushi. A cikin makon nan ne kwalin ya iso.

Na aika aka kira mai gyaran keke na gindin darbejiya. Jikan wata ƙawata ne da ta rasu, magidanci ne da 'ya'yansa, amma tun yana zanen goyo nake ce masa angona. Ya zo da jakar sifanunsa, na shimfiɗa tabarma a zaure na zauna, don ban yarda a taɓa mini kaya ba na gani ba.

Da ya yage kwalin sai da ya yi salati. Ni dai abin da na fara gani tayoyi ne, masu kauri kamar damtsen ɗan dambe, ga haƙora a jikinsu. Jikin keken kore shar. Na sa hannu ɗaya na ɗaga shi, sai ya taso kamar ba ƙarfe ba. Keken marigayi maigidana sai namiji ya yi nishi kafin ya tsallakar da shi dokin ƙofa. Wannan kuwa kansa a miƙe yake kamar muciya, sirdinsa siriri kamar busasshen harshen saniya. Na leƙa cikin kwalin ina neman sauran kaya.

Na ce, "Ina kariyar ɗaukar kaya? Ina ƙararrawa? Ina ƙafar da zai tsaya a kai?"

Ya ce, "Amarya, irin wannan ba ya zuwa da su. Na hawan dutse ne."

"Au, tsirara suka aiko shi? Mi za a yi a bisa dutsen, in an hau?"

"Saukowa."

Na ce lalle masu kuɗi ba su da aikin yi.

Ya ɗaura tayar gaba, ya daidaita kan, ya danna shi da ƙarfi. Sai na ga gaban keken ya rusuna ya ɗago, kamar surukin kirki. Na ce ya karye. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce sifirin ne a ciki, don in an faɗa rami ya shanye. Na sa shi ya sake dannawa. Wannan kam ya burge ni, amma ban faɗa masa ba.

A tayar baya akwai faya-fayan ƙarfe masu haƙora, daga babba zuwa ƙarami, an jera su kamar kwanoni. Giya ke nan. A nan ya ɓata hantsinsa duka. Ya kifa keken, yana juya feda da hannu, yana danna wani ɗan abu, sarƙa tana tsalle daga wannan faifai zuwa wancan. In ta yi gardama sai ya murɗa wani ɗan ƙusa, ya kasa kunne, ya sake juyawa. Har azahar yana abu ɗaya, gumi na ɗiga daga gemunsa, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka.

Birkin ma ba irin wanda muka sani ba ne. Wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar kowace taya, in ka matsa hannu sai wani abu ya cije shi. Da ya gwada sai ya yi ƙara, ƙiii, har kajin gidan suka watse. Ya jawo gwangwanin baƙin mai, ya tsoma gashin kaza, ya shafa wa faifan gaba da na baya. Ƙarar ta ɗauke. Babu wanda ya ga laifi a nan. A garinmu duk abin da ya yi ƙara mai yake so, ko ƙyaure ne, ko injin niƙa, ko amalanke.

Ya miƙar da keken ya goge shi da hularsa. Ya ce, "Na gama. Akwai malamin makaranta da zai saya yau ɗin nan. Ko ke za ki hau, in kira mutane kallo?"

Na ce, "Cire fedar."

"Na'am?"

"Za su bugar mini ƙwauri. Cire su. Da sarƙar, kada ta ci mini zane. Da wannan harshen saniyar."

Ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Kaka, don girman Allah." Ranar ce kaɗai na ji ya bar amarya ya koma kaka. "Tun safe nake saita giyar nan. Kin san abin da ke gabanki kuwa? Duk Batsari da Safana babu irinsa."

"Angona, ni ba hawa zan yi ba. Jaki nake so wanda ba ya cin harawa, ba ya kuka ɓarayi su ji, kuma in sun gan shi babu sirdi babu sarƙa su yi tsaki su wuce."

Ya cire su yana ƙunƙuni, kamar mai yanka akuyar da ya raina da hannunsa. Na zuba su a tsohuwar tukunya na tura ƙarƙashin gado. Sannan na shiga ɗaki na ɗauko akumarin jakina na biyu, wanda bai tafi da shi ba don ranar a gindin kuka na ajiye shi. Na naɗe ƙarfen tsakiya da shi, muka ɗaure tamau. Na rataya mangala a kai, aljihu ɗaya dama ɗaya hagu, muka sa ƙananan sanduna don kada ta shafi taya. A gurbin sirdi muka kafa gora mai tsawo. Hannun hagu a kan keke wajen birki, na dama a gora, in tura.

Da ɗan farina ya dawo daga kasuwa ya tarar da shi a jingine, ya zagaya shi, ya ce, "Inna, a kawo masa dusa ne ko ruwa?"

Na ce, "Ka ajiye dariyarka, za ka neme ta."

Washegari da aka sallame asuba, gari ya yi haske, muka kama hanya da maƙwabtan nan nawa biyu. Zuwa babu wahala, da yatsa ma sai ya bi ni. Muka yi ta roro har rana ta take. Kada wani ya ce muku ba ma jin tsoro. Ko ƙarar babur muka jiyo daga nesa sai kowa ta daskare a duƙe, sai ta wuce mu ci gaba. Na cika mangala har baki, na ɗora buhu a sama na ɗaure, na karɓi ƙunshin ɗaya daga cikinsu na ƙara.

Wallahi keken nan ya san aiki. Yashin da ke kama ƙafar mutum, tayoyin nan bi ta kansa suke yi. In mun faɗa kwari sai ya rusuna ya ɗago, kayan ko motsi. Har na fara yi masa kirari.

Sai muka iso ƙorama. Ruwa ya janye, amma gangaren yana da tsayi. Jaki in ya zo nan shi da kansa yake turje ƙafafu yana sauka a hankali. Na matsa birki. Babu komai. Na matsa da duk ƙarfina, kamar na matsa ruwa. Keken ya ja ni, na ƙi saki, muka gangara tare, ni da shi da wake, muka zube a cikin yashi.

Na ji maƙwabtan nawa suna salati a sama. Gwiwar hannuna ta ɗaye, haƙarƙarina ya bugu da gora, buhun ya kwance ya yi gefe. Ɗayar ta sauko tana kuka, ta ce, "Yaya, ki bari haka nan. Bari in ruga in kira ɗanki."

Na ce, "In kika ɗaga ƙafa, ni da ke har abada."

"Za ki kashe kanki a kan wake?"

"A kan gonar ubana. Kama mini nan."

Muka tayar da shi. Ko lanƙwasa bai yi ba. Na duba faifan birkin nan, ya yi baƙi ƙirin, mai da ƙura sun haɗu sun yi danƙo, na sa yatsa ya zame. Duk macen da ta taɓa wanke tukunyar suya ta san abin da ake yi wa maiƙo. Na tona yashi har na kai mai danshi, na dirje faya-fayan gaba da baya, na yagi bakin zanena na zura a tsagar da ke cizon, na yi ta ja har ƙyallen ya daina fitowa baƙi. Na matsa. Ya kama, ba duka ba, amma ya kama, da ƙararsa mai kashe kunne. Muka tsince waken da ya zube, muka sake ɗaurewa. Hawan ɗaya gefen mu uku muka tura, muna nishi muna zagin jikan ƙawata.

Akwai hanyar da za ta kai ni gida ta bayan gari. Ban bi ta ba. Ta tsakiyar kasuwa na ratsa, da la'asar, lokacin da ta fi cika. Duk inda na matsa birki sai mutane su waiwayo. Masu tumatir suka miƙe, wani ya ce, "Iya, ina jakin ya bar kunnuwansa?" Ban kula shi ba. Na tura har gaban teburin ɗan farina na tsaya.

Ya ajiye wuƙa. Ya ce, "Inna, jini ne a hannunki."

Na ce, "Wake ne a mangala."

Ya dubi kayan, ya dube ni, ya dubi mahautan da suka tsaya suna jira. Ya goge hannu a rigar aikinsa ya miƙo zai karɓi keken.

Na ce, "Kul. Ba mu kai gida ba tukuna."

Haka ya biyo ni a baya hannu sake, har ƙofar gida. Sai da na tsallaka zaure na jingine shi da kaina, sannan na ce ya sauke.

Kaya ɗaya ba shi ne amfanin gona ba. Na yi ta komawa har na kwashe waken tas, na bi da harawar. Haƙarƙarin nan ya daɗe yana hana ni kwanciya a gefen dama, ban gaya wa kowa ba.

Ɗan farina ya ce zai je ya yi wa mai shago bayani. Na ce ya zauna, gonar ba tasa ba ce. Na auni wake a ƙwarya, na yafa mayafi, na je shagon da kaina. Muka gaisa, na tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, na ajiye masa ƙwaryar. Na ce ga ɗanɗano daga gonar da aka yi masa zance, ya ci da yara. In kuma gona yake nema, ya nemi wata tun kafin ruwa ya sauka, wannan mai ita tana nan.