Rufe Littafin, Faɗa Wa Inna

Ina alwalar la'asar waya ta yi ƙara. Balki ce, ɗiyar Malam Ɗantani, daga Yelwa. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Yaya Sani, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye buta, na waiga neman wanda zan faɗa wa, babu. Duk waɗanda suka san abin da bawan Allah nan ya yi mini sun riga shi tafiya.

Shekarar da ruwan Kainji ya ci garinmu, ita ce shekarar da na faɗi jarrabawar aji uku na sakandare. Na dawo hutu da takardar sakamako a aljihu, na tarar an kwashe mutanenmu zuwa sababbin gidaje a kan tudu, sai da na yi tambaya kafin na gane ƙofarmu. Babana bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, in na sake faɗuwa, ga jirgi ga tarun kamun kifi, bokon ya isa haka. Abokaina an watsa su, wasu Ngaski, wasu Shanga. Kullum sai in ɗauki littafi in tafi bakin ruwa ni kaɗai, ina kallon kan wata kuka da ke leƙowa daga inda kasuwarmu take a da.

A nan Malam, wanda ya koyar da ni a firamare, ya same ni yana tura kekensa. Ya tarar ina rangaji, ina rera littafin labarin ƙasa da Turanci kamar mai tilawa. Haka na san karatu tun makarantar allo: a maimaita har ya zauna.

Ya ce, "Kai Sani, wace sura ce wagga?"

Na ce darasin madatsar ruwa ne.

"Madalla. Rufe littafin. Faɗa mini da Hausa, mi ya sa ruwa ya hau garinku?"

Wallahi shafi biyu na haddace, ko waƙafi ba na tsallakewa, amma na kasa mayar da ko layi ɗaya Hausa. Ga ni zaune gaban ruwan da ya haɗiye ɗakin da aka haife ni, ban san shi ne abin da nake rerawa ba. Na fashe da kuka. Malam bai rarrashe ni ba. Sai da na gama ya ce, "Hadda ta Alƙur'ani ce, shi ba a taɓa masa wasali. Wanga littafi ɗan Adam ya rubuta shi, sai ka tsare shi da tambaya."

Ya ɗora mini aiki: shafi ɗaya a yini, in karanta, in rufe, in je in faɗa wa Inna, mahaifiyata, tana bandar kifi. "In ta gane, ka gane. In ta ce ba ta ji ba, koma." Inna ba ta taɓa riƙe fensir ba, amma ban taɓa gamuwa da mai jarrabawa irinta ba. Ta ce, "To in can ƙasa suka tare kogi, mi ya nutsar da mu na sama?" Kwana uku ina fama, har na tare ruwan magudanar gidanmu da laka, ya taru ya komo baya ya jiƙa mata itace. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe haka aka yi mana." Ta share ido da bakin zane ta koma ga kifinta.

Da shekara ta zagayo na ci jarrabawar, taru bai same ni ba. Na yi aikin malanta har na yi ritaya, kuma duk ajin da na shiga, da maganar Malam nake aiki.

Ganina da shi na ƙarshe idonsa ya tafi. Ya sa na karanta masa jarida, ina kaiwa ƙarshe ya ce, "Rufe. Faɗa mini da Hausa." Muka yi dariya har ya yi tari. Na ce zan dawo bayan salla. Ban dawo ba, kuma abin yana cina.

Malam, ga abin da na gane, na faɗa da Hausa, sai dai babu kai, babu Inna, da za ku ce mini koma. Allah ya ba Balki da 'yan'uwanta haƙuri, ya tsare musu zumuncinsu. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya daidaita harshenka wurin tambayar da ba a shiga da littafi. Amin.