Farcen Kawu Mai Waya

Farcen babban yatsan Kawu na hagu ya fi sauran tsawo, kuma ba ƙazanta ba ce. Da shi yake laluben wayoyin mota, shekara talatin ke nan.

Ran nan wani direba ya zo ido jajur. Motarsa takan mutu a hanya, amma da an kai ta gareji sai ta tashi garau. Maigidansa ya ce ƙarya yake, in ta sake ya ajiye makulli.

"Kwantar da hankalinka, ɗana," in ji Kawu. "Kunyar makanikai take ji."

Ya bar injin a kunne, yana bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa. Farcen na taɓa wata siririya kusa da ƙwaƙwalwar injin, sai motar ta mutu. Ashe ƙarfe ne ya cinye robarta.

"Kira maigidanka ya gani da idonsa kafin in naɗe ta."

Maigidan ya zo, ya gani, ya ba direban haƙuri. Kawu ya wanke hannu, ya koma kan shayinsa da ya huce.